Faifan samfefa na ƙarfe yana rawa: in kai wa masu inji ko in gyara a gida?

Abban Hanifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in sake kashe kuɗi. Ina ɗan taɓa aikin katako a garejin gidana a Unguwar Dosa in na taso daga aiki: akwatuna, allunan yara, ƙananan kujeru. Kwanan nan na haɗa injin goge katako mai faifai. Faifan na ƙarfe ne, faɗinsa inci 12, kaurinsa milimita 10. Da gas aka yanko mini shi a Panteka, aka yi waldar bushin a bayansa, wato guntun ƙarfe mai ramin da shaf ɗin moto yake shiga. Moton doki ɗaya ne, mai juyi 1,450 a minti, shaf ɗinsa milimita 19, kuma boris ɗin duka biyu sababbi ne, a gabana aka sa su.

In na juya faifan da hannu na kafa alli kusa da fuskarsa, gefe ɗaya kawai allin yake taɓawa, ɗaya gefen akwai tazarar da ta kusa milimita 2. In na kunna kuwa, teburin har tafiya yake yi, ƙusoshin da ke kai suna zubewa ƙasa. Samfefar ma gefe guda take cinyewa, ɗaya gefen yana nan sabo fil.

Wani mai injin fere ƙarfe ya ce in kawo naira 18,000 ya gyara fuskar. Wani abokina ya ce asara ce, in kunna moton in riƙa kara masa giranda a hankali har ya miƙe. Wani kuma ya ce in yar da shi a zuba mini na alminiyam. Wanda ya taɓa yin wannan aikin da hannunsa, don Allah wanne zan ɗauka?

Ɗan Rigasa

Wa alaikumus salam. Boris ne. Canza boris ka huta.

Kafintan Badarawa

Malam, me ya kai ka ƙarfe tun farko? Ni nawa na katako ne, filawud mai kauri na haɗa biyu da gam, na ɗaure a kan fule. Na kunna moton na sa kurfi na feraye gefen da fuskar a wurin, ko ƙofar gida ban fita ba. Har yau ina aiki da shi. Damina ce kawai take ɗan taɓa shi, in ya sha danshi sai na sake bi ta kansa.

Abban Hanifa

Ɗan Rigasa, na faɗa a sama, boris sababbi ne. Kafinta na gode, amma nakan goge bakin ƙarfe da shi wani lokaci, shi ya sa nake son abin da ba zai lanƙwashe ba. Kuma na riga na biya kuɗin farantin.

Injiniya TW

Abu biyu kake fama da su, kuma mutane suna haɗa su wuri ɗaya. Na farko fuskar ba ta miƙe da shaf ba, shi ne abin da allinka ya nuna. Na biyu nauyin ya rinjaya gefe guda, shi ne yake tafiya da teburin. Kana iya gyara na farko na biyun ya rage.

Ga lissafi. Faifanka zai kai kilo biyar da rabi. In gram 10 kacal ya yi yawa a bakin gefe ɗaya, a juyi 2,850 ƙarfin da yake fizgar shaf ya haura nauyin kilo 13, kuma yana zagayawa kusan sau 48 a kowace daƙiƙa. Wannan moton ya yi wa faifan inci 12 gudu da yawa. Nemi mai juyi 1,450 tukuna.

Abban Hanifa

Injiniya, ai mai 1,450 ɗin ne da ni.

Injiniya TW

To da sauƙi. A wannan gudun gram 10 ɗin zai ba ka wajen kilo uku da rabi, domin in gudu ya ragu da rabi, fizgar kashi ɗaya cikin huɗu take komawa. Amma yankan gas ba gram 10 yake bari ba, ya fi haka nesa.

Bakano a Kawo

Teburin da yake tafiya da kansa ai ba gyara yake so ba, lamba za ka yi masa ka fara ɗaukar fasinja daga Kawo zuwa Kasuwa. Mu a Kano da tuni an sa shi a hanya.

Bazazzagi

Bakano ke nan. Ana maganar ilimi kana maganar kuɗin mota. Bari masu karatu su gama, in an zo kan ciniki za mu kira ka.

Sani Mai Ƙofa

Abban Hanifa, ka saurare ni da kyau, don abin da kake shirin yi ni an riga an yi mini shi. Bara na kai irin wannan faifan, nawa ma ya fi naka kauri, wajen wani mai inji. Ba zan faɗi layin ba, shi ya san kansa. Muka yi ciniki naira 25,000, na ba shi 15,000 a hannu. Daga nan sai jeka-ka-dawo. Yau babu wuta, gobe yaron da ya iya ya tafi ƙauye, jibi an kawo aikin tirela na gaggawa. Faifaina yana jingine a bango ruwan sama yana dukansa har ya yi jajir da tsatsa.

Ranar da ya gama, fuskar tana ta sheƙi, ka ce sabo ne daga kwali. Ashe a bakin gefe ya damƙe shi ya fere fuskar kawai, bai ko kalli ramin bushin ba. Da na zo sawa sai na ji ramin ya yi wa shaf yawa kaɗan, yana ɗan motsi. Na kira shi, ya ce in ɗaure notin gefe da ƙarfi, shi ke nan. Na ɗaure.

Ɗan yayata ne yake aiki a kai, yaro ɗan shekara 16 da uwarsa ta kawo mini don ya koyi sana'a. Yana goge bakin fatar ƙofa, ina waje ina awo, sai na ji wata ƙara. Notin ya kwance da jijjiga, faifan ya zame ya ci gefen teburin ƙarfe, ya fito ya sare shi a ƙauri kafin ya daki bulo ya fasa. Na ɗauke shi a Keke jini yana zuba a kan takalmina. Ɗinki aka yi masa ciki da waje. Har yanzu in ya daɗe a tsaye sai ya nemi wurin zama, kuma uwarsa ta janye shi daga shagon. Ba ta faɗa mini magana mara daɗi ba, amma gaisuwarmu ba kamar da ba.

Na koma wajen mutumin da faifan a hannu. Wallahi ko sannu bai ce ba. Cewa ya yi shi fuska aka ce ya gyara, fuska ya gyara. Har yana tambayata cikon 10,000 ɗinsa a gaban mutane. Na kai ƙara wajen shugabannin layin, aka ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma shi da ya ga ramin ya yi yawa, da idonsa ya gani.

Maman Walid

Innalillahi. Allah ya ba yaron lafiya, Malam Sani. Maigidana ma yana da irin wannan injin a zaure, kuma yara ta nan suke wucewa. Yau ɗin nan zan nuna masa wannan.

Ɗan Rigasa

Allah ya kiyaye gaba. Amma 25,000? An cuce ka tun a ciniki. Ni 6,000 aka fere mini.

Sani Mai Ƙofa

Yaushe? Kuma inci nawa?

Ɗan Rigasa

An ɗan kwana biyu. Faifan birkin mota ne.

Usta Panteka

To ka ji. Faifan birki daban, wannan daban. Faifan birki da raminsa ya zo daga kamfani, ɗorawa kawai za a yi a shafe shi. Na Abban Hanifa sai an nemi babban inji wanda inci 12 zai juya a cikinsa bai taɓa gadon injin ba, kuma bakin da gas ya yanka yana da tauri, yana cin bakin wuƙar inji. A layinmu irin wannan 12,000 ne zuwa 15,000 in kai ka kawo kayanka. 18,000 ya ɗan yi sama, amma ba zalunci ba ne in har da rami.

Malam Sani, ina taya ka jaje, Allah ya ba shi lafiya. Sai dai kada mutum ɗaya ya shafa wa kowa. Akwai masu tsoron Allah a sana'ar nan. Kuma gaskiya mutane ma suna zuwa su ce a yi musu mafi araha, in ka ce sai an cire bushin an sake wani, su ce kana son cin kuɗinsu.

Sani Mai Ƙofa

Usta, ni ban nemi ragi ba. Abin da ya faɗa shi na amsa. Kullum haka kuke, in an taɓa ɗaya sai ku taru ku kare shi.

Baba Fita

Salamu alaikum. Ɗana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Na yi aikin fita, wato haɗawa da gyaran injuna, a masaƙa a Kakuri tun ana aiki dare da rana har aka rufe, fule da fanka da na daidaita ba su ƙirguwa.

Abban Hanifa, yaro, kada ka kara giranda a jikin faifan yana gudu. Hannun mutum bin rawar yake yi, inda ya tashi ya tura ka baya, inda ya faɗa ka bi shi. Za ka cinye ƙarfe rawar tana nan. In kuma dutsen ya kama, Allah kaɗai ya san inda zai nufa.

Fara da cire faifan. Kafa waya mai tsini a jikin teburi, bakinta dab da shaf, ka juya da hannu. In shaf ɗin kansa yana rawa, ko wa ya fere maka faifai a banza ne. In lafiyarsa ƙalau, to walda ce ta ja bushin ya karkace, haka walda take yi in ta huce, kuma milimita 2 a bakin faifai ba abin mamaki ba ne.

Wajen mai inji ga abin da za ka ce masa. In ramin yanzu ya yi daidai da shaf, ba ya motsi, ya fere sanda milimita 19 a injinsa, kada ya kwance ta, ya ɗora faifan a kanta ya fere fuska da baya da baki. Ta haka komai ramin yake bi. In kuwa ramin ya yi yawa, a cire bushin a sa sabo mai ƙaramin rami, a yi walda, a bar shi ya huce da kansa ba a zuba ruwa ba, sannan a buɗe ramin a fere fuskar a ɗauri ɗaya. Walda kafin inji, ba bayan inji ba. Ya riƙa ci kaɗan-kaɗan, gaba da baya, don farantin da aka yanka da wuta yakan motsa in an cire masa fata ta gefe guda. Ka tafi da moton wajensa. Faifan ya shiga shaf da ɗan bugun tafin hannu. In ya faɗa da kansa, kada ka karɓa. Kuma a yi masa gurbin ki, wato ɗan guntun ƙarfen da yake kulle faifai da shaf, noti ya zauna a kan ki ɗin. Noti shi kaɗai a kan shaf mai santsi shi ne abin da ya sami ɗan'uwanmu Sani.

Sauran aikin na gida ne, ba ka bukatar kowa. Samo ƙarfe biyu masu miƙaƙƙen baki, tsofaffin wuƙaƙen injin filani suna yi. Kafa su a kan katako biyu, baki sama, ka daidaita su da ma'aunin magina mai ruwa ta kowane ɓangare. Zura sanda mai santsi a ramin, da notin a jiki, ka ɗora sandar a kan bakin ƙarafan, faifan yana rataye a tsakani. Zai mirgina ya yi lilo ya tsaya, gefe mai nauyi a ƙasa. Sa alli. Juya shi ka sake saki. In wurin allin ya riƙa dawowa ƙasa, ka kama ɓarawon. Liƙa ƙananan wasa, zobban ƙarfen nan da ake sawa ƙarƙashin noti, da salatif a can sama, daidai bakin, kana ƙarawa har sai duk inda ka ajiye shi ya tsaya cak. Nauyin wasan nan shi za ka cire daga gefen allin. Huda ta baya, kada ka fasa zuwa fuska, kuma ka bar kamar faɗin yatsa daga baki. Ƙananan ramuka da yawa a jere sun fi babba guda ɗaya. Ka yi ɗaya ka gwada, ka yi ɗaya ka gwada.

Injiniya TW

Baba ya yi bayani, Allah ya ƙara lafiya. In ƙara da lissafi: ramin diril milimita 10 mai zurfin milimita 5 yana cire wajen gram 3 na ƙarfe. In ka auna wasan a ƙaramin sikeli za ka san ramuka nawa tun kafin ka fara. Sai dai maganar waya da alli ta zamanin da ce. Agogon awo ake sawa, mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ido ba ya ganin abin da ya kai haka ƙanƙanta.

Usta Panteka

Injiniya, tsakani da Allah ka taɓa riƙe wuƙar inji? Ɗalibanku na Poli wajenmu suke kawo aikin kammala karatunsu, mu haɗa musu su je su karɓi maki. Samfefa zai liƙa da gam, gam ɗin kansa ya fi kashi ɗaya cikin ɗarin naka kauri.

Injiniya TW

Na riƙe, Usta. Kuma da mai injin Malam Sani ya sa ma'auni a ramin nan da yaro bai ji ciwo ba. Ƙin awo ne yake jawo mana wannan, kowa ya ce idonsa ya isa.

Baba Fita

Ku bar gardama. A masaƙa da agogon muke aiki, ba wanda ya raina shi. Amma mutum yana garejin gidansa, ba zai sayi agogo don faifai ɗaya ba. Mai injin ya sa nasa a gabansa ya gani. A gida waya ta ishe shi.

Bazazzagi

Ni wajen masu balansin taya na kai nawa. Suka ce ba zai hau injinsu ba, ramin ya yi ƙanƙanta. Wani yaro a wurin ya ba ni darmar da ake liƙa wa rim, na manna a baya, rawar ta ragu sosai. Naira 1,000 na ba shi.

Baba Fita

Cire ta. Faifai yana zafi in ana goge ƙarfe, gam ya saki, darmar ta fita da gudu. Abin da aka huda ba ya tashi ya sami mutum.

Kafintan Badarawa

Duk wannan wahalar dai na katako ba ya bukatarta. Amma tunda an zo nan, kowane iri ne, a gefen da faifan yake gangarowa ƙasa ake kara aiki, don ya danna shi a kan teburi. Kuma tazarar teburi da faifai kada ta wuce milimita 2. Sannan Abban Hanifa, in za ka goge ƙarfe ka share garin katakon da ke ƙasa tukuna, tartsatsi yana kwana a cikinsa.

Abban Hanifa

Na gode ƙwarai, Baba. Na gwada wayar yanzu, shaf ba ya rawa. To maganar alminiyam fa? Masu zuba tukwane sun ce 20,000 har da kayansu. Ba wanda ya ce komai a kai.

Usta Panteka

20,000 ina? Alminiyam ya yi tsada yanzu, ba za ka samu ƙasa da 30,000 ba in mai kyau ne. Kuma zubin tukunya yakan zo da ƙananan ramukan iska a ciki, sai an fere ake ganinsu. Bayan haka ma sai ka biya mai inji.

Ɗan Rigasa

Amma yana da sauƙin tashi. Bai kai kilo biyu ba. Da wutar da ake ba mu yanzu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Motona na injin markaɗe haka ya ƙone, wuta ta zo rabi, yana ta gurnani ya kasa ɗauka, kafin matata ta kai hannu ta kashe hayaƙi ya tashi.

Injiniya TW

Wannan gaskiya ne. Moto yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai lokacin tashi. In wutar ba ta da ƙarfi kuma kaya ya yi nauyi, yakan daɗe bai kai gudun da makunnin cikinsa zai cire koyil ɗin tashi ba, shi kuma wannan koyil ɗin ba a yi shi don ya daɗe da wuta ba. Duk wanda ya ji motonsa yana gurnani bai juya ba, ya kashe nan take.

Maman Walid

Mu nan firji biyu muka rasa a kan wannan. Da rana ƙwan ɗaki ja yake zama, sai ƙarfe ɗayan dare wutar kirki take zuwa, lokacin wa zai tashi ya yi aiki? Kuma takardar kuɗi ba ta fashi.

Sani Mai Ƙofa

Ai shi ma mutumin nan da wuta ya riƙa fakewa. Ko da yake a wannan ba ƙarya ya yi duka ba. Ni walda nake yi, rabin ribata a man janareta take tafiya.

Bakano a Kawo

Ku kuna ma ganinta ja. Mu taransifomarmu ta lalace, aka ce kowane gida 5,000, mai shago 10,000. Mun haɗa, an ɗauke ta an tafi da ita, har yau wurin fili ne, awaki ke kwana a kan dakalin.

Usta Panteka

Tun da aka ƙara wa 'yan rukunin A kuɗin wuta a watan Afrilun 2024, yunit ya koma naira 225 a lokacin, aka ce za a riƙa ba su awa 20 a rana, mu sauran sai abin da ya rage. Babban injin fere da wuta mai layi uku yake aiki. In layi ɗaya ya ɗauke, aiki ya tsaya ko da kana ganin ƙwai a kunne. Dizal za ka saya, kuma a kan mai kawo aiki zai faɗa. Shi ya sa kuke jin 12,000 yau, gobe 18,000.

Bazazzagi

Mu an mai da mu rukunin A ɗin ba a tambaye mu ba, katin da yake yi mana wata yanzu ko sati biyu ba ya kaiwa, awa 20 ɗin kuma ban taɓa ƙirga ta cika ba. Bakano, kuɗin taransifomar taku wa ya karɓa, mai unguwa ko kwamiti? Akwai rasit? Don mu ma an fara zagayawa da littafi jiya da daddare.

Bakano a Kawo

Kwamiti ne. Rasit kam babu, suna kawai aka rubuta. Ranar Asabar bayan la'asar an kira taro a ƙofar masallaci, an ce ma'ajin zai zo da lissafi.